Agogon Mai Majigi

Ina da shekara goma sha bakwai sanƙarau ya kama ni, a wata bazara da ta kwashi mutane da dama a Tafoki. Kwana goma sha ɗaya ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na ga Inna durƙushe a gefena, bakinta na motsi, na ɗauka addu'a take yi a hankali. Sai ga ƙanwata ta shigo da kunu, tasar ta suɓuce mata, ta bugi daɓe, ta yi ta juyi har ta kife. Ban ji komai ba. A nan na gane abin da ya same ni.

Na gama firamare kafin ciwon, har ana maganar kwalejin horon malamai. Maganar ta mutu ba tare da kowa ya ce ta mutu ba. Bakina bai kama ba, ina iya magana, amma ban san yadda muryata take fita ba. Wani lokaci na ga mutum ya zabura, sai in san na yi ihu. Wani lokaci ya miƙo kunne, in san ban fito da komai ba. Sannu a hankali na rage magana. Baba ya iya ajami, shi ne idan abu ya matsa yakan share ƙasa da tafin hannu ya rubuta mini da yatsa. Ba ya wuce kalma uku ko huɗu: tashi, gona, ka ci abinci. Inna ba ta karatu. Sai dai ta taɓa kafaɗata, ta nuna abu.

Shekarun ne kuɗin mai suka shigo ƙasa. Sa'o'ina suka watse Kaduna da Ikko aikin gini da gadi da dako. Da salla su dawo da wando mai faɗin ƙafa, da rediyo a kafaɗa, kowa da agogo a hannu. Suna ƙoƙari, ban ce ba su yi ba. Sukan jawo ni majalisa gindin ɗorawar bakin masallaci, a matsa mini wuri a tabarma. Amma hira ba ta jiran kowa. Sai in ga an tuntsire da dariya, in yi murmushi ni ma, wani ya fara yi mini bayani da hannu, kafin ya kai ƙarshe an shiga wani zance, ya yi mini alamar bari kawai, ba komai ba ne. Bayan damina biyu na daina zuwa. Gona da gida, sai rafi idan na kai shanun huɗa ruwa.

A shekara ta uku kawuna, wanda yake ɗinki a Ƙanƙara, ya aiko a turo ni. Ya ce gwamnati za ta koya wa naƙasassu sana'a, ya riga ya sa an rubuta sunana wajen mai unguwa. A lokacin ba a yi jihar Katsina ba, komai daga Kaduna yake zuwa. Baba ya share ƙasa ya rubuta: “Tafi. Allah shi taimaka.”

An tara mu a wani siton auduga da babu kaya a ciki, da hantsi. Mun fi talatin: makafi da 'yan jagorarsu, guragu a kan kekunan katako, wasu kutare biyu da suka zauna can baya su kaɗai, da ni. An toshe tagogi da buhuna. A waje an ajiye wata koriyar jif da injin wuta a bayanta, waya ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Mai haska majigin wani siririn mutum ne mai furfura a gefen kai, da gajeren wando na kaki, yana ɗaura faifan fim a kan inji ba ya kallon kowa.

Fim uku aka nuna. Na farko kiwon kaji, na biyu saƙar kujera da igiya. Ban riƙe komai a cikinsu ba. Na ukun ya fara da wani mutum zaune a kujera mai taya gaban tebur, daga nan ba a sake nuna fuskarsa ba, sai hannuwa. Hannuwan suka ɗauki agogo, suka ɓalle murfin baya, sai cikin agogon ya cika farin ƙyallen da ake haska fim ɗin a kai gaba ɗaya. Ƙananan ƙafafu masu haƙora, kowace ta kai faifan tankaɗe girma, da wata guda ɗaya da take lilo gaba da baya a kan siririyar waya mai kama da gashi. Hantsaki ya shigo ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a farar takarda daga hagu zuwa dama. Aka wanke su, aka ɗiga mai da bakin allura, aka mayar daga dama zuwa hagu. Hannuwan ba sa sauri. Idan sun yi abu mai wuya sukan tsaya, su sake yi. Tun da na kurmance ba a taɓa yi mini bayanin wani abu daga farko har ƙarshe ba sai ran nan.

Da aka cire buhunan taga na waiwaya, sai na ga rabin mutane sun tafi. Makafin duk sun fita. Jami'in da ya kawo shirin yana yi wa mai majigi faɗa, yana nuna wani akwati. Ban gane ba. Na matsa kusa na ce, “Malam, za a sake nuna na agogon?”

Na ga ya amsa. Na nuna kunnuwana. Ya dube ni, ya zaro ɗan littafin rubutu daga aljihun rigarsa, ya rubuta ya miƙo mini: “Ka iya karatu?”

“Na iya.”

Ya rubuta: “Lasifika ta mutu tun tsakiyar fim na biyu. Yau babu wanda ya ji komai.”

Na karanta sau biyu. Sai dariya ta kama ni, wadda na daɗe ban yi irinta ba. Shi bai yi ba, amma ya ƙara rubuta cewa mako mai zuwa suna Faskari, bayan nan Sabuwa.

An ce malamin sana'a zai biyo baya da kayan aiki ya zauna da mu wata uku. Mun je sito kwana huɗu a jere, ba wanda ya zo. Kawu ya ce in zauna in riƙa yi masa kalmasa da sa maɓalli. Na ce Faskari za ni. Ya ɗaga hannu sama, ya juya yatsa a gefen kansa, wato na taɓu. Duk da haka shi ya sa ni a motar 'yan kasuwa, matarsa ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da garin rogo.

A Faskari ɗakin taro na makaranta aka yi amfani da shi. An gyara lasifikar, don na ga mutane na gyaɗa kai. Mai majigi ya hango ni tun daga ƙofa. Bayan an watse, jami'in ya tafi gaida hakimi, direba ya bi shi, sai Malam ya yafito ni. Ya mayar da faifan baya, ya sake kunna injin, ya zauna a benci. Ni kaɗai ne ɗan kallo a ɗakin da zai ci mutum ɗari. Sau biyu ya nuna mini na agogon. A na biyun na riƙa zana jerin ƙafafun a bayan takardar sabulu, cikin duhu, zanen ya fito a karkace.

Ya karɓi takardar ya duba, ya rubuta a littafinsa: “Shekara shida ina haska wannan fim ban taɓa kallonsa ba. Inji nake kallo kada ya cinye faifai.”

“Me mutumin yake cewa a ciki?” na tambaye shi.

“Turanci ne. Yana faɗin sunayen abubuwan. Ba ka yi asarar komai ba.”

Daga Faskari jami'in ya koma Kaduna, aka bar Malam da direba su ƙarasa Sabuwa. Shi ya sa na samu wuri a bayan jif, tsakanin injin wuta da gwangwanayen fim. Ruwan farko ya same mu a hanya. Mun shiga Sabuwa da la'asar, motar ta yi ja da laka har tagogi. Washegari aka ce ruwa ya cinye kwalbatin da muka bi, ba mota mai fita sai an cike.

Mutum bakwai suka zo kallo. Kowa ya tafi shuka, har makafin da ake sa rai sun bi iyalansu gona. Aka nuna fim ɗin kaji, ana tsakiyar na kujera injin wuta ya tsaya. Fetur ya ƙare, ga shi direba ya ce na cikin mota ba zai taɓa ba. Garin kuma babu ko kwalba. Direban yana da dangi a wata unguwa, ya kulle mota ya tafi wajensu. Ni da Malam aka ba mu aji ɗaya a firamare, da yake ana hutu.

Kwana shida muka yi a ajin nan. Safe da yamma ana aiko mana da tuwon dawa daga gidan mai gari. Ranar farko Malam ya raba tuwon biyu, ya zuba nasa a murfin kwano, ya ja gefe. Na gane dalili, don na lura ba ya salla. Na ɗauki murfin na juye cikin kwanon, na tura tsakaninmu. Sai ya wanke hannu.

A littafin nan muka yi hira. Ni ina magana, shi yana rubutawa, idan na ɗaga murya ya sauke tafin hannunsa ƙasa, idan na yi ƙasa da yawa ya ɗaga. Ba wanda ya taɓa yi mini haka, kuma a kwana biyu na fara gane inda muryata take daga yadda maƙogwarona ke rawa. Ya ce shi mutumin kudancin Zariya ne. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, 'yarsa ɗaya tana makarantar kwana, sau biyu a shekara yake ganinta. Ya ce ya zaga garuruwa sun fi a ƙirga, ko'ina yara na bin motarsa da gudu, amma babu garin da aka san sunansa. Mai majigi kawai.

Na tambaye shi, “Waɗanda kake nuna wa, suna koyo?”

Ya rubuta: “Ban sani ba. Ba na komawa inda na taɓa zuwa sai bayan shekaru.”

Da babu wuta, sai ya buɗe gwangwanin fim ɗin agogo, ya nuna mini yadda zan riƙe shi ta gefe kada in sa yatsa a kan hoton. Muka tsaya bakin taga, shi yana warwarewa, ni ina ɗaga shi ga haske, yana naɗe wanda na gama a wani faifan. Kowane hoto bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya ciro gilashin gaban majigin ya ba ni in duba da shi. Abin da ke wucewa a ƙiftawar ido a kan ƙyalle, a nan sai ya zama hoto ashirin ko fiye, hantsakin na matsowa kaɗan kaɗan. Yini biyu muka yi a haka, har idona ya riƙa yin ruwa.

A rana ta huɗu ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a kan teburin malami. Tsohon agogo ne mai wani, irin wanda ake murɗawa da hannu, fuskarsa ta yi rawaya, maɗaurin fata ya tsattsage. Ya rubuta: “Yana baya da minti goma kullum. Buɗe.”

Na ce, “Malam, ban taɓa riƙe agogo ba.”

“Na sani.”

Ba ni da kayan aiki. Na samo wayar ƙafar keke wajen wani mai faci, na daddaƙe bakinta, na wasa a dutse har ta zama sukudireba. Na sayi reza da allura. Hantsakin kuwa na cire ƙaya ne, na aro wajen wanzami. Na shimfiɗa farar takarda kamar yadda na gani. Murfin ya buɗu da reza. Ciki ya fi na fim ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma yana motsi. Na cire sukuru na farko, na biyu, na jera daga hagu. Komai na tafiya daidai, har na zo kan ƙafar nan mai lilo. Hantsakin wanzami ya yi mata kauri. Na ɗaga ta, ta kuɓuce, siririyar wayar ta maƙale a bakin hantsakin ta miƙe, ta lanƙwashe.

Na yini ina ƙoƙarin mayar da ita da allura, ina ƙara ɓata ta. Washegari na haɗa komai yadda yake, na yi masa wani, na kai wa Malam. Ya kara a kunne. Ban buƙaci ya rubuta komai ba. Na fita na bi bayan makaranta har cikin wata gonar da aka yi wa shuka, na zauna a kan kunya. Ban san ko kukan da na yi yana da sauti ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ɗaya ya yarda da ni a shekara uku, ga abin da na saka masa da shi.

Da na dawo na tarar ya ajiye mini tuwo bai ci ba. Littafin na buɗe a kan tebur. “Na mahaifina ne, don haka kada ka yar. Mutumin cikin fim ya ɓata ɗari kafin a ɗauke shi hoto. Nemi mai gyara ka zauna wurinsa, fim ba zai riƙe maka hannu ba. Idan aka sake turo ni Ƙanƙara bayan kaka zan karɓa.”

Aka cike kwalbati. Sun sauke ni a Funtuwa, bakin tasha. Ya yage shafukan da muka yi hira a kansu ya ba ni, ya riƙe sauran littafin saboda lissafin aikinsa. Ya miƙo hannu ta taga muka gaisa. Duk cikin shafukan nan bai rubuta sunansa ba, ni kuma ban tambaya ba, Malam nake ce masa.

Kawu ya san wani tsoho mai gyaran agogo a bakin tashar, ya zo da kansa ya damƙa ni. Tsohon ba mai magana ba ne ko da masu ji, don haka muka daidaita. Idan na yi kuskure ya ƙwanƙwashi bayan hannuna da hantsaki. Idan na yi daidai ba ya yin komai. Wata huɗu ina wanke murafu da goge gilashi kafin ya bar ni in taɓa ciki. Ina kwana a zauren wani abokin Kawu tare da fatake da suke canzawa kullum. Sauran masu gyara da kunne suke gane ciwon agogo. Ni sai na koyi kallon lilon ƙafar nan, in gwada da babban agogon tsohon, in jira.

Bayan kaka na je Ƙanƙara na tambaya, ba a ga motar majigi ba. Wata shekarar ma haka. Agogon Malam sai a shekara ta biyu na gyara shi, da waya daga wani mataccen agogo irinsa da tsohon ya tono mini a gwangwani. Na sa masa sabon maɗauri. Mako guda ina gwada shi, bai yi baya ba ko da minti ɗaya.

Na kafa teburina a Ƙanƙara kusa da rumfar Kawu, da akwatin gilashi da 'yar laima. Aiki ya samu. Alhazai na dawowa da agogo, malaman makaranta, direbobi, 'yan sanda, ranar kasuwa har layi ake yi. Na sai wa Baba garma, na rufa wa Inna ɗaki da kwano. Ana ce mini kurma mai agogo, yara na nuna wa baƙi teburina. Sai dai mai kawo gyara ba hira ta kawo shi ba. Ya miƙo agogo, ya girgiza shi ya nuna ya tsaya, in nuna masa ranar dawowa da yatsu, ya tafi. Nakan yini cikin tsakiyar kasuwa ban furta kalma goma ba.

A shekara ta huɗu na rufe tebur na shiga motar Kaduna, agogon na cikin aljihu a ƙulle da hankici. Ban taɓa zuwa ba. Na rubuta abin da nake nema a takarda ina nuna wa mutane, aka yi ta tura ni daga wannan ofis zuwa wancan, har na dace da wani ɗaki a bayan wata ma'aikata, inda na ga gwangwanayen fim jibge har rufi. Wani akawu ya karanta takardata, ya kira wani dattijon masinja, suka yi magana suna kallona. Na kwatanta da hannu: siriri, furfura a gefe, gajeren wando. Masinjan ya gyaɗa kai da ƙarfi. Akawun ya juya takardar ya rubuta a bayanta: “An rufe sashen. Ya yi ritaya, ya koma ƙauyensu.”

“Wane ƙauye?” na ce.

Suka sake magana. Masinjan ya faɗi wani abu, akawun ya girgiza kai, ya faɗi wani daban. Aka buɗe wata durowa, aka rufe. A ƙarshe ya rubuta mini sunan Malam, da sunayen garuruwa biyu, da alamar tambaya a gaban kowane. A ranar na fara sanin sunansa.

Na rubuta wasiƙa zuwa garuruwan biyu, ta hannun shugaban makaranta da ta hannun coci. Ɗaya ta dawo bayan wata uku ba a buɗe ba. Ɗayar ba ta dawo ba, amsa kuma ba ta zo ba. Na yi niyyar zuwa da kaina bayan damina, sai Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba, gona ta dawo wuyana tare da tebur. Shekara ta bi shekara. Ban je ba.